Amsa ga ƙanena likita a Daura, kafin ka biya kuɗin PLAB

Ƙanena, saƙonka ya iso tun Talata, aikin dare ne ya hana ni amsawa. Ka ce kana hidimar ƙasa a Daura, ranka na son Ingila, kuma abokanka sun ce ka haddace tsofaffin tambayoyin PLAB, jarrabawar da likitan waje ke ci kafin ya yi aiki a can, wata uku ka wuce, ba sai ka koma kan fisiyoloji da ilimin magunguna da lissafin alƙaluma ba, tunda kun bar su tun a makaranta. Zan amsa a fili, don na san ba kai kaɗai ake yi wa wannan huɗubar ba.

Tsarin ba ɓoyayye ba ne. Sai ka fara cin jarrabawar Turanci, IELTS maki 7.5 ko OET matakin B. PLAB ta farko tambaya 180 ce cikin awa uku. Ta biyu a Manchesta ake yi, tasha 16, kowace minti takwas, da mutanen da aka horar su kwaikwayi marasa lafiya. Daga nan GMC, hukumar likitocin Birtaniya, ta yi maka rajista. Hadda za ta iya tsallakar da kai ta farkon, ban musa ba. Sai dai a gaban gadon mara lafiya babu mai miƙo maka amsa biyar ka zaɓa.

Bari in ba ka nawa abin kunyar. A watana na farko a nan Ingila aka kawo wata tsohuwa 'yar shekara 84, siririya kamar kara, da ciwon fitsari da ya shiga jini. Na rubuta mata gentamicin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, yadda hannuna ya saba a gida, kwalba ɗaya sau uku a rana, ganin kiriyatinin ɗinta, sinadarin da ake aunawa a jini don duba aikin ƙoda, bai wuce iyaka ba. Ban kai ga rufe kwamfutar ba mai harhaɗa magunguna ta zo ta tsaya a kaina, cikin ladabi ta ce, nawa ne nauyinta? Ban auna ba. Ta ɗauko takarda ta buga lissafin Cockcroft-Gault, mai kimanta aikin ƙoda, a gabana: shekaru, nauyi, kiriyatinin, sannan a ninka da 0.85 tunda mace ce. Ashe ƙodar ta kusa ajiye aiki. Tsoka ce ke samar da kiriyatinin, tsohuwar kuwa ba ta da tsoka, shi ya sa lambar ta fito kamar lafiya lau. Gentamicin ta ƙoda yake fita. In ya taru ya ƙara lalata ta, ya taɓa ji. Wallahi duk na san wannan, na ci shi a jarrabawa. Haɗa shi da matar da ke gabana ne ban yi ba.

Haka hawan jini. A nan ƙa'idar NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya, ta ce baƙar fata ɗan asalin Afirka da ba shi da ciwon suga a fara shi da irin su amlodipine, ba irin su ramipril ba. In haddacewa ka yi, jibi za ka manta. In ka fahimci cewa yawancinmu renin ɗinmu, sinadarin ƙoda mai ɗaga hawan jini, ƙasa yake, don haka maganin da ke bi ta wannan hanya irin su ramipril bai cika yi mana aiki shi kaɗai ba, ya zauna ke nan.

Inda na fi son ka tsaya shi ne alƙaluman, don nan muka fi rauni, kuma nan ɗalibai ke tsallakewa. Ɗauki gwajin da ke kama mai cuta sau 90 cikin 100, yana kuma wanke mai lafiya sau 90 cikin 100. Ka gwada mutum 1,000 a inda rabinsu ke da cutar, kamar a ce yara masu zazzaɓi a asibitinku cikin damina. Zai kama 450 na gaskiya, ya yi wa 50 ƙage. Duk wanda gwajin ya nuna, kusan tabbas ne. Yanzu kai shi inda mutum ɗaya cikin ɗari ke da ita. Masu cuta 10 ne, ya kama 9. Masu lafiya 990, ya yi wa 99 ƙage. Cikin 108 da ya nuna, 9 kawai ke da cutar. Gwajin bai canja ba, garin ne ya canja. Likitan da ya tashi daga Daura zuwa birnin Lids na Ingila yana ɗauke da zaton Daura a kansa, kuma sai ya koyi sauke shi. Irin wannan tambaya za ta sake tare ka a jarrabawar ƙwarewa ta MRCP, in ɓangaren cututtukan ciki ka nufa.

Kada ka raina abin da kake da shi. Yaro mai sikila da ciwo ya tashi masa, ko wanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, kai ka gan su da yawa. Wasu abokan aikina nan a littafi suka san su. Ranar da wani ya dawo daga tafiya da zazzaɓi, ni aka kira.

Abu ɗaya da abokanka ba su faɗa ba: cin PLAB ba samun aiki ba ne. Masu nema sun yi yawa, akwai waɗanda ke zaune watanni da rajista a hannu. Kada ka ajiye aikinka, kada kuma a sayar da gonar Baba kan wannan.

Ga aikin gida. Wani magani ya rage haɗarin kamuwa da ciwon bugun zuciya daga kashi 4 cikin ɗari zuwa kashi 2. Mai tallarsa zai ce maka ya rage rabi. Kai ka lissafa mini mutum nawa za ka ba kafin ka kare mutum ɗaya, ka turo kafin Juma'a. A gaida su Hajiya. In Allah ya yi tafiyar, ka bar kilishin a gida, ba a shigowa da nama.