Amsa ga Hajiya: abin da ya sa masu bincike ba sa faɗin duk abin da suka sani

Assalamu alaikum. Hajiya, Allah ya bayyana yaronku cikin ƙoshin lafiya. Kin tambaya me ya sa yau kwana 9 da ɓatan ɗan ƙanenki a Garwa ta ƙasar Kamaru, amma duk zuwan da kuka yi ofishin jandarma ba a ce muku komai sai "ana kan bincike", har aka gargaɗe ku kada ku baza wasu bayanai a Facebook. Na yi shekaru da dama ina yi wa masu bincike tafinta tsakanin Hausa da Fillanci da Faransanci, saboda haka zan faɗa miki abin da idona ya gani.

Da farko dai doka ce ta ɗaure musu baki. Dokar bin ƙarar laifuka ta Kamaru ta 2005, a sashe na 102, ta ce binciken 'yan sanda da jandarma sirri ne, kuma jami'i ba zai fitar da sanarwa a kai ba sai da amincewar mai gabatar da ƙara na gwamnati.

Amma babban dalilin shi ne, abin da aka ɓoye da shi ake auna mai gaskiya da maƙaryaci. Wata shekara an ɗauke wani yaro makiyayi a yankin Mayo Rey da ke arewacin Kamaru. Saboda ruɗewa, danginsa suka yaɗa hotonsa da lambar wayar mahaifinsa, suka zayyana rigar da ya fita da ita, da tabon da ke goshinsa, da wurin da aka tsinci sandarsa. Kafin kwana uku mutane daban-daban sun yi ta kira, kowa na cewa yaron yana hannunsa, kowa na kwatanta rigar da tabon daidai, kowa kuma na neman a tura masa kuɗi ta waya. To, yaya za a gane na gaskiya alhali duk abin da za a tambaye shi yana rubuce a wayar kowa? Abin da ya cece mu shi ne wani abu ɗaya da bai fita ba. Jami'in ya ce wa mahaifin, duk wanda ya sake kira, a ce masa ya tambayi yaron sunan da yake kiran maraƙin da kakarsa ta ba shi. Mutum ɗaya ne kawai ya dawo da amsar, kuma a ranar ne muka tabbatar yaron yana raye. Na tuna yadda dattijon nan ya zauna a ƙasa yana kuka. Da sunan maraƙin ya shiga cikin abin da aka yaɗa, da ba mu da wata hanyar rarrabewa.

Akwai kuma maganar da mutane ba sa son ji, wato da ɗan gari kan ci gari. A yawancin garkuwar da na halarci bincikenta, akwai wani na kusa da ya tsegunta wa ɓarayin yawan shanun mutum ko ranar da ya dawo daga kasuwa da kuɗi. Irin wannan mutum yakan zo jaje, ya zauna a zaure, ya ji duk abin da jandarma suka faɗa wa maigida. Idan ya ji ana bin sawun wata lambar waya, a daren nan za a jefar da layin. Idan ya ji an gano dajin da suke, za su tashi, kuma wanda ya san garin Tuboro na yankin Mayo Rey ya san iyakar Chadi da ta Afirka ta Tsakiya duk suna kusa. Mafi muni, idan suka ga an matso su, ran wanda ke hannunsu ne ke shiga haɗari. Ko a manyan lamurra haka ake yi: iyalin nan Faransawa su 7 da aka sace kusa da Waza, a can arewacin Kamaru, a watan Fabrairu na 2013, ba a bayyana wa jama'a yadda ake tattaunawa ba har aka sako su a watan Afrilu.

Sannan zato ba hujja ba ne. Da zarar an ambaci sunan wanda ake tuhuma, matasan unguwa na iya far masa kafin a tabbatar, kuma ko an wanke shi daga baya tabon ba ya gogewa. Wani lokacin ma wanda ake nema baligi ne da ya tafi da ƙafarsa, ya roƙi kada a faɗi inda yake.

Duk da haka, Hajiya, ba kowane shiru nake karewa ba. Ɓoye wa jama'a daban, barin uwa da uba cikin duhu daban, kuma na ga inda kalmar "sirri" ta zama rigar da ake lulluɓe sakaci da ita. Kuna da ikon sanin sunan jami'in da ke riƙe da ƙararku. Ku zaɓi mutum ɗaya mai riƙe baki ya zama shi kaɗai ke magana da shi, ya tambaye shi ƙarara abin da ya halatta a yaɗa, domin hoton fuska da ranar ɓata yawanci suna taimakawa. Duk wanda ya kira, ku rubuta lambarsa da lokacin kiran ku kai wa jami'in, kada ku tura ko sisi kafin ku ji tabbacin yaron yana raye. Idan kuma kwanaki suka ja ba ku ga alamar motsi ba, ku rubuta takardar ƙorafi kai tsaye ga mai gabatar da ƙara na gwamnati a kotun Garwa, domin a ƙarƙashin kulawarsa masu binciken suke aiki.