Zinari ne abincinmu, to mu bar shi mu ci mi?

Tambaya daga wani matashi a Anka: Malam don Allah kullum ana ce muna haƙar zinari na ɓata muhalli, mu kau noman damina bai kai mu shekara. Turawa ma ai da haƙar ƙasa sunka yi arziki, mi yas sa mu aka tsananta ma?

Amsa: Ƙanena maganarka akwai gaskiya ciki, Ingila da Amurka da kwal da man fetur suka tashi, kuma yawancin hayaƙin da ke ɗumama duniya ba mu muka tara shi ba. Amma ni abin da ya dame ni ƙurar da ke tsakar gidanka ce, wannan kuwa ba Bature ne zai shaƙe ta ba.

Ka tuna 2010. Zinari ya yi tsada a kasuwar duniya, mutane suka riƙa kwaso dutse zuwa gida ana daka a turmi, ana kaiwa injin niƙa, ana shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki, ashe dutsen cike yake da dalma. Yara sama da 400 suka rasu a Anka da Bukkuyum, ƙauyuka irin su Dareta, Abare, 'Yargalma, galibi ba su kai shekara biyar ba. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa sannan likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka iya ba da magani, don in ka yi wa yaro magani ya koma cikin ƙurar nan aikin banza ne. Ƙauyen Bagega ma sai 2013 aka share shi. Wanda ya rayu kuma dalma na taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin ba ya gyaruwa.

To lissafa, dillali ya saye zinarin ya wuce, ribar ta tafi birni, jinya da ramuka da gonar da ta lalace sun rage maka. Matsalar ƙasashe masu tasowa kenan, ana sayar da arziki ɗanye da araha, ɓarnar kuma talaka ke biya.

Ni ban yarda hani shi ne magani ba. Gwamnatin tarayya ta hana haƙa a Zamfara a 2019, sai Disamba 2024 aka ɗage, tsakani da Allah an daina? Mai jin yunwa ba ya jin doka, aikin dai ya koma ɓoye, inda babu mai duba komai.

Abin da ke hannunka, kada dutse ya shigo gari, a niƙa can daji kuma da ruwa don ƙura ta kwanta. Ka yi wanka ka canza kaya kafin ka ɗauki yaro. Zaiba kuma, wadda ake kama zinari da ita, kar a ƙona ta cikin ɗaki wallahi, tururinta guba ne. Sannan ku haɗa ƙungiya ku yi rajista ku nemi lasisi, injin niƙa mai ruwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya amma ku ashirin za ku iya, kuma dillali ba zai riƙa yanka maku farashin da ya ga dama ba.