Amsa ga ɗana da ya fara koyarwa: sai an ɗaure fuska ake riƙe aji?

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso, na karanta shi a tsanake. Allah ya sanya albarka a wannan aiki da ka kama. Ka ce tsofaffin malamai sun ja ka gefe sun gaya maka cewa al'adar aikin ita ce sabon malami ya ɗaure fuska tamau a zangon farko, ba murmushi, ba sakewa da yara, in ba haka ba su raina shi. Kana tambaya ko ka bi wannan shawara, sannan wane hali ne ke sa yara su riƙa ɗokin darasin malami.

Wannan al'ada tsohuwa ce, kusan duk inda ake da aji da allo za ka ji ta, kuma ba ta rasa gaskiya ba. Abin da aji ya saba da shi a mako biyu ko uku na farko, da shi zai tafi har ƙarshen shekara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Inda nake ganin sun kauce shi ne da suka ɗora abin a kan fuska. Yara ba fuskarka suke aunawa ba, maganarka suke aunawa. So suke su gani ko abin da ka faɗa ranar Litinin yana nan ranar Alhamis, ko kuma ya danganta da yadda ka tashi da safe. Malami mai fara'a da ke tsayuwa a kan magana ɗaya ya fi mai murtuke fuska kwarjini, in dai mai murtukewar yau ya hana gobe ya ƙyale.

Saboda haka dokokinka kada su wuce uku ko huɗu, kuma ka koyar da su kamar yadda za ka koyar da darasi. Yadda ake shigowa aji, yadda ake raba littattafai a tattara su, alamar da za ka yi idan kana son a yi shiru, yadda mai son magana zai nemi izini. Ka nuna, su gwada, in bai yi ba a sake. Minti goma da za ka kashe a kan wannan kowace rana a makon farko zai dawo maka da sa'o'i a zangon. Kada ka yi barazanar da ba za ka iya cikawa ba. Da zarar ka ce "duk wanda ya ƙara magana zai fita" sannan wani ya yi ka kau da kai, ka koya wa ajin cewa maganarka ba ta da nauyi. Tsawa ma haka take. Ta farko tana razana su, ta goma sai kunne ya saba, ga maƙogwaronka ya dushe. Kada kuma ka hukunta aji gaba ɗaya saboda laifin mutum biyu, domin masu biyayya za su ga biyayyarsu ba ta tsinana musu komai ba.

Wani mai bincike a Amurka, Jacob Kounin, ya ɗauki hoton bidiyo na azuzuwan firamare masu yawa, ya fitar da sakamakonsa a 1970. Ya nemi bambancin malaman da ajinsu ke natse da waɗanda nasu ke hargitse a wajen yadda suke tsawatarwa, bai samu wani abin kirki a nan ba. Bambancin yana can kafin rigimar ta tashi. Malaman da suka iya suna sane da abin da ke gudana a kowace kusurwa, suna kama ainihin wanda ya fara, da wuri, kuma ba sa barin giɓi tsakanin wannan aiki da na gaba. A aikace ga yadda yake: in kana rubutu a allo, ka tsaya a karkace, kada ka ba aji baya ɗungurungum. Ka riƙa zagayawa tsakanin layuka. In ka hango biyu suna raɗa a baya, ka ci gaba da bayaninka kana takawa har ka tsaya kusa da teburinsu. Yawanci wannan kaɗai ya isa, darasi bai tsaya ba, babu wanda aka kunyata. Kayan aikinka su kasance a shirye kafin ƙararrawa, domin minti biyu da za ka yi kana laluben alli ko shafi, a nan hayaniya ke samun ƙofa.

Abin da ya fi damuna game da mulkin tsoro shi ne hasarar da yake jawo wa karatun kansa. Yaron da ke tsoronka zai ɓoye maka abin da bai gane ba. Zai kwafi na maƙwabcinsa, zai sunkuyar da kai idan ka yi tambaya, zai ce ya manta littafinsa a gida. Kai kuwa kuskuren yaro shi ne abin da kake buƙatar gani, don da shi za ka san inda za ka gyara. Ajin da ya yi tsit saboda fargaba yana iya burge mai wucewa ta taga, ranar jarrabawa asiri ya tonu. Ɗaya gefen ma akwai rami. Wata mai bincike, Judith Kleinfeld, ta yi nazarin malaman da ke koyar da 'ya'yan 'yan asalin jihar Alaska ta Amurka, ta wallafa a 1975, ta ga cewa malaman da suke da tausayi amma suka sassauta wa yaran aiki, don suna ganin ba za su iya ba, ba su amfane su ba. Waɗanda suka yi nasara su ne suka haɗa biyun: suka ja yaran a jiki, suka kuma ƙi karɓar aikin da bai kai ba. Ka iya cewa yaro, cikin murya mai taushi, "wannan bai yi ba, na san za ka iya wanda ya fi shi, sake min shi kafin gobe," kuma goben ka tuna ka karɓa.

Sai sanin darasi. Sanin amsa daban, sanin hanyar da yaro ke bi ya ɓata daban, kuma na biyun ne ke raba malami da wanda ya yi karatu kawai. Ɗauki lissafi. Ka ba yaro 52 a cire 38, ya rubuta 26. Malamin gaggawa zai ja jan biro ya wuce. Wanda ya san aikinsa zai gane nan take cewa yaron ya ga 2 ba ta kai 8 ba, sai ya juya ya cire 2 daga 8 ya samu 6, ya cire 3 daga 5 ya samu 2. Yaron yana da ƙa'idar da yake bi, ƙa'idar ce gurguwa, kuma in ka ba shi irin wannan tambaya ashirin zai faɗi ashirin ɗin ta hanya ɗaya. Haka wanda ya haɗa 1/2 da 1/3 ya samu 2/5, ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Kada ka fara da maimaita masa doka. Ka tambaye shi: ka fara da rabi, ka ƙara wani abu a kai, yaya aka yi ka ƙare da abin da bai kai rabi ba? Bar shi ya yi ta juya abin a ransa. Kowane fanni yana da irin waɗannan ramuka nasa. Don haka kafin ka shiga aji, ka amsa duk tambayar da za ka ba su da hannunka, ka kuma rubuta a gefen shirin darasinka kurakurai biyu da kake sa ran gani da abin da za ka ce in sun bayyana. In an yi maka tambayar da ba ka da amsarta, ka ce za ka bincika ka dawo da ita, ka kuma dawo da ita. Yara suna saurin gano malamin da ke kame-kame.

Haƙuri kuwa, a cikin aji ana iya auna shi da agogo. Mary Budd Rowe, malamar koyar da kimiyya a Amurka, ta naɗi muryoyin azuzuwa a farkon shekarun 1970, ta tarar yawancin malamai ba sa jira fiye da kimanin sakan ɗaya bayan sun yi tambaya kafin su amsa da kansu ko su koma kan wani. Da aka horar da su su jira sakan uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, masu ɗaga hannu suka ƙaru, har waɗanda aka ɗauka ba sa magana suka fara. Sakan uku yana da tsawo ga mai tsaye gaban aji, za ka ji kamar shirun zai cinye ka. Ka ƙirga a zuci. Ka fara yin tambayar, ka jira, sannan ka kira suna. In ka kira sunan tun farko, sauran sun ajiye tunaninsu. Ka kuma rabu da "kun gane?" Amsarta kullum "e, malam" ce, ko an gane ko ba a gane ba. Ka ba da tambaya ɗaya gajera kowa ya rubuta amsa a takarda ya ɗaga. Cikin minti ɗaya za ka ga ko mutum biyar ne suka ɓata ko rabin aji, ka san ko za ka ci gaba ko za ka koma baya.

Adalci shi ne abin da yara ba sa yafe rashinsa. Suna jure malami mai tsanani, amma mai 'yan lele ba ya fita daga ransu har su girma. Matsalar ita ce yawancin son kai a aji ba da niyya ake yin sa ba. Ido yana zuwa wajen na gaba da masu saurin ɗaga hannu. Gwada wannan na mako guda: ka riƙe jerin sunayen ajin, duk wanda ka yi wa tambaya ka sa ɗigo a gaban sunansa. Ranar Juma'a ka duba. Za ka ga wasu da ɗigo goma, wasu ko ɗaya babu, kuma ka lura ko maza sun rinjayi mata ko akasin haka. Ka yi hattara da sunayen da ake laƙaba wa yara a ofishin malamai, wane daƙiƙi ne, wance ba ta ji. In ka shiga da wannan a kanka, za ka rage jiran amsarsa, ka riƙa ba shi tambaya mai sauƙi, shi kuma ya karanta hakan a fuskarka ya daina ƙoƙari.

Yabo ma yana da yadda ake yin sa. A 1998 wasu masu bincike a Amurka, Claudia Mueller da Carol Dweck, sun gwada 'yan aji biyar na firamare: wasu aka yabe su da cewa suna da ƙwaƙwalwa, wasu aka yabi ƙoƙarinsu. Waɗanda aka ce masu ƙwaƙwalwa ne suka fi zaɓar aiki mai sauƙi daga baya, suka fi saurin karaya da suka haɗu da mai wuya. Ka yabi abin da yaron ya aikata, ka ambace shi: "na ga ka sake duba lissafinka ka kama kuskuren da kanka." Wajen duba littattafai, maki tsirara ba ya koya wa kowa komai. Ka rubuta abu ɗaya da zai gyara, ka ba da minti biyar a farkon darasi na gaba don a yi gyaran. In ajin ya yi yawa, ka duba littafi goma sha biyar da kyau, ka fitar da kurakuran da suka fi maimaituwa, ka warware su a allo ga kowa.

Ka haddace sunayensu cikin mako biyu ko uku. Ka zana taswirar wurin zamansu ka ajiye a teburinka. Ka sa ido: mai ƙanƙance ido yana kallon allo wataƙila gani ne ke ba shi wahala, mai yawan cewa a maimaita wataƙila kunne ne, wanda ya saba surutu ya koma shiru kwatsam akwai abin da ke cin sa. Ka matso da na farko da na biyu gaba, ka sanar da iyayensu, ka tambayi na ukun a keɓe cikin natsuwa. Albert Camus, marubucin Faransa da ya tashi cikin talauci a Aljeriya, malaminsa na firamare Louis Germain ne ya lura da shi, ya ba shi ƙarin darasi, ya je har gida ya shawo kan kakarsa ta bar shi ya zauna jarrabawar neman tallafin karatu. Da Camus ya samu babbar kyautar adabi ta duniya, wato Nobel, a 1957, ya rubuta wa malamin nan wasiƙar godiya.

Kusanci da yara amana ce, tana da iyaka, kuma a nan ba na son ka yi sakaci ko kaɗan. Kada ka keɓe da ɗalibi ko ɗaliba a ɗaki a rufe. Kada ka aike su hidimar kanka, kada ka karɓi abin da zai sa a yi zargin makinka. Sirrin da yaro ya gaya maka ba na hirar ofis ba ne, sai dai in ya shafi cutarwa, to wannan ka kai wa shugaban makaranta a ranar. In ka yi wa yaro hukunci bisa kuskure, ka ba shi haƙuri a gaban waɗanda aka yi abin a gabansu.

Su kuma manyan da suka ba ka shawara, kada ka yi musu da su, ka gode musu. A cikinsu ka nemi wanda ajinsa ke natse amma kana jin yara suna yi masa tambayoyi, ka roƙe shi ya bar ka ka zauna a bayan ajinsa darasi biyu ko uku. Ka lura da inda yake tsayawa, da abin da yake yi a minti biyar na farko, da yadda yake karɓar amsar da ba daidai ba. Bayan wata guda ka roƙe shi ya zo naka ajin ya gaya maka abin da ya gani.

Ka rubuto min yadda makonnin farko suka kasance, musamman abin da ɗigon sunayen nan ya nuna maka. Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin. Ka gaida mutanen gida.

Kawunka.