Wane fim ɗin James Bond ne ya fi fita zakka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mun kwana biyu muna musu a majalisarmu kan finafinan James Bond, wanne ne ya fi kauce wa hanya har mutum ya ce anya wannan Bond ne kuwa. Ni na ce Moonraker, wanda aka tafi sararin samaniya. Abokina ya kafe a kan Die Another Day mai motar nan da ke ɓacewa. Wani yayanmu kuma ya ce akwai tsohon Casino Royale da ba na Daniel Craig ba, wai shi ne uban su duka. Don Allah ka raba mana gardama. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kowannenku ya riƙe wani ɓangare na gaskiya, amma zaɓina ba ya cikin ukun nan, kuma zan faɗi dalili.

Mu fara sallamar yayanku, domin maganarsa ta fi sauƙi. Finafinan Bond na ainihi guda 25 ne, daga Dr. No na 1962 zuwa No Time to Die na 2021, duk na kamfanin Eon wanda Albert Broccoli da Harry Saltzman suka kafa. Casino Royale na 1967 ba ɗan gidan ba ne. Ian Fleming, marubucin littattafan Bond, ya riga ya sayar da haƙƙin littafinsa mai wannan suna tun cikin shekarun 1950, ya zagaya ya faɗa hannun wani furodusa mai suna Charles Feldman, shi kuma ya mayar da shi wasan barkwanci. Daraktoci biyar aka rubuta sunayensu a jikinsa, ciki har da John Huston. David Niven ne tsohon Bond da ya yi ritaya, sai ya ba da umarni a riƙa kiran kowane jami'i James Bond don a rikita abokan gaba, har mata. 'Yan wasan fim ɗin biyu, Peter Sellers da Orson Welles, ba sa ga maciji da juna a wurin ɗauka, Sellers ya tafi bai ƙarasa aikinsa ba, aka yi ta ɗinke-ɗinke don labarin ya haɗu, bai kuwa haɗu ba. Idan za a ƙirga shi, babu sauran musu. Sai dai an yi shi ne da niyyar shirme tun farko, kuma wanda ya shigo fili da kayan wawan sarki ba a mamakin ya yi wauta.

Moonraker na 1979 kuwa, na san abin da ya sa ka zaɓe shi. Bos ɗin, Hugo Drax, ya gina tasha a sararin samaniya, yana shirin zuba wa duniya guba da ke kashe ɗan Adam kaɗai, sannan ya sake cika ta da zaɓaɓɓun samari da 'yan mata da ya tanada. Ana harbe-harbe da bindigogin haske, kwalekwalen Bond ya hau tudu yana yawo a dandalin birnin Benis na Italiya, ƙaton nan Jaws mai haƙoran ƙarfe ya yi budurwa ya tuba. Littafin Fleming na 1955 mai wannan suna ko Ingila bai bari ba.

Amma duba yadda aka yi aka je can. A ƙarshen The Spy Who Loved Me na 1977 an rubuta cewa Bond zai dawo a For Your Eyes Only. A shekarar ce Star Wars ya fito ya kwashe kasuwa, sai Broccoli ya canza shawara ya bi inda kuɗi suke. Ya kuma ci riba, don babu fim ɗin Bond da ya kai shi kawo kuɗi sai da GoldenEye ya zo a 1995. Idan ka cire rigar samaniyar, labarin nan shi ne dai na fim ɗin da ya gabace shi: attajiri zai hallaka duniya ya kafa sabuwa, wancan a ƙarƙashin teku, wannan a sama, kuma darakta ɗaya ne, Lewis Gilbert. Kumbon da aka nuna ma ba ƙirƙira ba ne, irin wanda Amurka ke haɗawa ne a lokacin, wanda ya fara tashi a 1981. Moonraker ya cika gishiri, amma miyar gidan ce.

Haka nake kallon Die Another Day na 2002, fim na 20, wanda aka yi don cikar shekara 40. Motar Aston Martin mai layar zana ita ce kowa ke tunawa, da fadar ƙanƙara a Ayislan, da kanar ɗin Koriya ta Arewa da aka sauya wa halitta ya koma Bature. Abin da ya fi ɓata mini rai a cikinsa shi ne ya fara da kyau. An kama Bond, ya yi wata 14 ana gana masa azaba, ya fito da gemu buzu-buzu gidansu ba su yarda da shi ba. Wannan tushen babban labari ne, sai aka watsar da shi aka koma wasan kwamfuta, har da wurin da Pierce Brosnan, wanda ya fito a Bond, ke sulu a kan igiyar ruwa, wanda ko yaro ya san zane ne. Jerin da ya yi suna da mutane na gaske masu jefa ransu cikin haɗari, wannan ya zubar masa da girma. Duk da haka motar an ba ta bayani, an ce ƙananan kyamarori ne ke ɗaukar hoton gefe guda su haska a ɗaya gefen. Bayanin bai gamsar ba, amma an yi shi.

To a nan zaɓina yake. Dokar gidan Bond ita ce komai girman abin mamaki, na'ura ce ko dabara ko kuɗi suka yi shi. Fim ɗaya ne ya karya wannan doka, Live and Let Die na 1973, fitowar Roger Moore ta farko a matsayin Bond.

Bos ɗinsa, Dakta Kananga, wanda Yaphet Kotto ya fito a matsayinsa, firaministan wani tsibiri ne na ƙirƙira a yankin Karebiyan, kuma dillalin ƙwaya ne a unguwar Harlem ta birnin New York da wata fuskar. Ba ya neman mulkin duniya. Shirinsa ya raba tan biyu na hiroyin kyauta, ya karya sauran dillalai, ya riƙe kasuwa shi kaɗai. Yana da mai duba, Solitaire, wadda ke buga masa kati, kuma abin da ta faɗa yana faruwa. Fim ɗin bai taɓa nuna cewa damfara take yi ba. An ce baiwarta za ta gushe ranar da ta san namiji, kuma haka aka yi. Sai Baron Samedi, wanda aka ɗauko sunansa daga addinin budu na Haiti, addinin da saiwarsa ke komawa gaɓar Afirka ta Yamma, wajen Benin ta yau. Da farko ana nuna maka Kananga na amfani da shi ne don tsorata talakawa kada su kusanci gonakinsa. Bond ya jefa shi cikin akwatin gawa cike da macizai. An gama, an kashe bos, Bond na cikin jirgin ƙasa da yarinya, sai ga Baron Samedi zaune a goshin jirgin yana ƙyaƙyata dariya, fim ya ƙare a haka. Babu wanda ya zo ya ce dabara ce. A duk finafinai 25 ɗin, nan ne kaɗai aka bar tsafi ya tsaya da ƙafarsa.

Akwai kuma abin da ba zan tsallake ba. An yi fim ɗin ne lokacin da finafinan baƙaƙen fatar Amurka irin su Shaft na 1971 ke tashe, aka ari salonsu, amma aka juya shi: kusan duk mugaye baƙaƙe ne, mai ceto Bature. Kotto ɗan wasa ne mai kwarjini, ya riƙe matsayin da mutunci, sai aka ƙare shi da cusa masa harsashin iska a baki, ya kumbura kamar balan-balan ya tashi sama ya fashe. Duk sanda na kai wurin nan sai na ji ba daɗi, don bai cancanci wannan mutuwa ba. A cikin fim ɗin kuma akwai ɗaya daga cikin ayyukan bajinta na gaske mafi ban tsoro, inda aka bi ta bayan kadoji da gudu. Kadojin masu rai ne, mai gonar kadojin a Jamaika, Ross Kananga, shi ya yi da kansa, sai a karo na biyar ya haye, kuma sunansa aka ara wa bos ɗin.

Idan wani a majalisar ya kawo Octopussy na 1983, inda Bond ya sa kayan ɗan kama don kwance bam, kuma Kabir Bedi na finafinan Indiya ya fito a yaron bos, ku saurare shi, yana da hujja. Amma kafin ku yanke hukunci ku nemi Live and Let Die ku kalla tare, kada kowa ya tashi sai jirgin ƙasan nan ya wuce.