Me Ya Sa Waƙoƙin Suka Zama Iri Ɗaya?

Tambaya: Malam, wani mawaƙi ya saki kundin waƙoƙin soyayya goma, masu sauraro na ƙorafin wai duk ɗaya suke. Ina matsalar take?

Amsa: Malama, ƙorafinsu na da tushe. Waƙar soyayya mai sanyi takan yi bugu 60 zuwa 80 a minti. In aka jera goma da wannan tafiyar, kiɗan fiyano bai sauya ba, kunne kan gaji tun a ta huɗu. A riƙa sako mai ɗan zafi bayan kowace uku, ko mace ta shigo da amshi.

Abin da ya fi damunmu shi ne cika amfani da Auto-Tune, wato manhajar da ke daidaita muryar mawaƙi, a situdiyo. Yana goge ɗan rawar muryar nan da ke sa mai sauraro ya yarda shauƙin gaske ne, sai kowane baiti ya fito sumul, babu rai.