Zane ya yi kyau a kwamfuta, ya lalace a injin yanka

Tambaya: Ina yin zane a Adobe Illustrator, in adana shi a matsayin SVG (nau'in fayil da ke ajiye zane a layuka), amma da zarar na shigar da shi manhajar injin yanka sitika sai ya ƙanƙance. Nakan ja shi da linzami har ya yi daidai a idona, amma duk da haka sitikar ba ta zama a gurbinta.

Amsa: Malam, ido ba rula ba ne, kuma wannan ɗabi'a ta jan zane da hannu tana damuna ƙwarai, domin ita ce ke cinye wa mutane leda da lokaci, su kuma ɗora wa injin laifin da ba nasa ba. Zanenka bai lalace ba, manhajojin biyu ne ba su yi ittifaƙi a kan tsawon inci ba. Illustrator yana ƙirga fiksel 72, wato ƙananan ɗigon da ake auna zane da su a kwamfuta, a inci ɗaya, alhali ƙa'idar da yawancin manhajoji ke bi wajen karanta SVG fiksel 96 ce. Zane mai faɗin inci 10 zai fita da fiksel 720, manhajar da ta raba shi da 96 kuma ta ba ka inci 7.5, wato rubu'in girmansa ya tafi. Masu tsofaffin fayilolin manhajar zane ta Inkscape ma ba su tsira ba, domin da fiksel 90 yake aiki kafin fitowar sigar 0.92 a shekarar 2017, lokacin da ya koma 96. Nasu ma ya fi muni, saboda inci 10 yana komawa kusan 9.4, ragin da ba a lura da shi sai an yanka an ɗora a kan kaya.

Wajen fitar da fayil daga Illustrator, ka cire alamar da ke kan zaɓin Responsive, domin shi ne ke goge faɗi da tsawo daga cikin fayil ɗin ya bar manhajar injin da yin hasashe. Idan kuma zanen ya riga ya shiga a ƙanƙance, ka rufe ɗan kwaɗon da ke ɗaure faɗi da tsawo, ka zaɓi dukkan zanen a haɗe, sannan ka rubuta ainihin faɗinsa da lamba. Wanda ya ja gefe ɗaya alhali kwaɗon yana buɗe, da hannunsa ya mayar da da'ira ƙwai.

Ni kam ba na fitar da zane sai na ajiye murabba'i mai inci ɗaya a gefensa. In ya iso manhajar injin a inci ɗaya, sauran ma daidai suke, sai in share shi in yanka. In ya iso a 0.75, na san inda matsalar take tun kafin wuƙa ta taɓa leda. Ina roƙonka ka mayar da wannan al'adarka daga yau.

Tambaya: Rubutun da na sa a zanena yana ɓacewa, ko ya fito da wani salo dabam.

Amsa: Malama, injin bai san haruffa ba, layi kawai yake bi. Ki mayar da rubutun siffa kafin ki adana: Ctrl+Shift+O a Illustrator, Ctrl+Q a CorelDRAW, Ctrl+Shift+C a Inkscape. Ki ajiye kwafin asali a gefe, domin bayan haka kalmomin ba sa gyaruwa.

Tambaya: Wuƙar injina tana bin kowane layi sau biyu.

Amsa: Ko dai ka riga ka mayar da kaurin layin siffa ne, don haka ya zama yana da gefe biyu, ko kuma akwai siffa biyu a kan juna. Ka duba zanen a yanayin da ke nuna layuka zalla, wato Ctrl+Y a Illustrator, ka share na banza.

Tambaya: Ina amfani da Silhouette Studio na kyauta a matsayin manhajar injina, kuma da'irorina suna fitowa da ƙananan kusurwoyi.

Amsa: Na kyauta ba ya buɗe SVG, shi ya sa kake bi ta wani nau'in fayil mai suna DXF, wanda sau da yawa yakan datse lanƙwasa zuwa gajerun layuka miƙaƙƙu wajen fitarwa. Idan sana'a kake yi da injin, ka koma Designer Edition, wato na kuɗi, ka shigar da SVG kai tsaye.