Kaya sun ɗan yi sauƙi amma ciniki bai dawo ba, mi ke faruwa?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina da butiki a nan Tawa, shinkafa da mai da sukari da makaroni nake saidawa. Hatsi ya ɗan sauko bayan kaka, esansi ma an rage mishi kuɗi, amma wallahi wanda na sani da ɗaukar buhu yanzu kilo biyu yake cewa in auna mishi. Kuɗin ne babu hannun mutane ko mi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya buɗa kasuwa. Rashin kuɗin na ciki, amma akwai tsoro. Magidanci in zai ɗauki buhu ba aljihunshi na yau kaɗai yake dubawa ba, gobe yake hange, shin albashi zai zo kan lokaci, yaron da ke Abijan zai aiko, albasa za ta yi daraja bana ko za ta ruɓe a rumbu. In hankalinshi bai kwanta ba ko da jikka hamsin ƙarƙashin katifa kilo biyun nan zai auna.

Mu masu karatun tattalin arziki har auna wannan kwanciyar hankalin ake yi. A Amurka jami'ar Michigan duk wata sai ta tambayi mutane, halin gidanku ya fi na bara ko ya fi muni, mi kuke zato baɗi, yanzu lokacin sayen manyan kayan gida ne? A watan Yuni 2022 ma'aunin nasu ya faɗi har 50, alhali kusan kowa na da aikin yi, tsadar da ta kai kashi 9.1 cikin ɗari ce kawai ta karya musu gwiwa. To bare mu.

Ka tuna abin da gidajenmu suka sha. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa ma Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke kuran, mutum ya wuni a layin banki a ba shi ɗan abin da bai kai ya kawo ba. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, an kuma rage litar esansi daga 550 zuwa 499 a Yulin shekarar, duk gaskiya ne, sai dai a wancan tsakanin wani ya sai da tunkiyarshi, wata ta cinye kuɗin adashenta, wani ya ci bashin hatsi har buhu biyu. Saukar farashi ba ta biyan tsohon bashi. Duk jikkar da ta shigo yanzu ramin baya take cikewa kafin ta iso butikinka.

Ga kuma abin da ya fi shafar Adar, kuɗin 'yan ci-rani. Tun da naira ta faɗi a 2023, wanda ke bida a Legas ko Sakkwato in ya aiko aka canza zuwa sefa sai ka ga abin ya tsuke, gidan da ya dogara da shi dole ya rage tukunya.

Ni a ganina ma'aunin da ya fi na Michigan amfani gare ka yana nan kan teburinka, littafin bashi. Buɗe shi ka duba, masu biya ƙarshen wata sun fara kaiwa 10 ga wata mai zuwa? Masu sayen madara da sabulun ƙamshi sun daina? Irin waɗannan ake fara yankewa, gishiri da magi su ne na ƙarshe. Ranar da ka ga sun dawo neman madarar gwangwani ba ka tambaya ba, to zukata sun fara kwantawa, ka iya ƙara odar buhuna.

Kafin nan kar ka zuba jarinka duka a kaya masu nauyi. Ƙulla man dala ashirin-ashirin, sukari rabin kilo, ka sa ma kowane mai bashi iyaka ka faɗa mishi tun farko, ko ɗan uwanka ne.